Inabin Malam Halmurod da Saƙon Minti Takwas

Akwai wani tsohon malamin lissafi, Malam Halmurod, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Parkent. Shekara talatin da takwas ya yi yana riƙe da alli. Da ya yi ritaya allin kawai ya ajiye, halin yana nan. Ko gaishe shi ka yi, in ka yi kuskure sai ya gyara maka kafin ya amsa.

A tsakar gidansa akwai inabi, irin wanda muke kira yatsan amarya, dogo fari mai zaƙi. Mahaifinsa ne ya dasa shi a shekarar da aka haifi Malam. Inabin ya hau rumfar katako ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya. A inuwarsa aka yi sunan 'ya'yan Malam, a inuwarsa kuma aka yi zaman makokin wanda ya dasa shi.

Matarsa Oysuluv takan ce, "Da ni da inabin nan za mu kwanta ciwo rana ɗaya, na san wanda za a fara kai wa bargo."

Malam ba ya musawa, sai dai ya ce, "Ke ai kina da baki, za ki iya kira."

Kamar kowa a wurinmu, duk kaka yakan kwance rassan daga rumfa ya kwantar da su, ya rufe da ƙasa don kada hunturu ya kashe su. In ɗumi ya dawo a tone, a mayar bisa rumfa. To, ranar tonowar nan ita ce wuyar aikin. Ka makara, idanun reshe su ruɓe a ƙasa. Ka yi gaggawa, toho ya fito, sanyi ya juyo ya ƙone shi a kwana ɗaya. Sabon inabi yakan farfaɗo. Tsoho mai shekara sittin da uku kuwa, ba tabbas.

Don wannan ne Malam ya buɗe zaure a Telegram, ya sa masa suna Inabin Unguwarmu. Mutum goma sha shida ne a ciki, har da shi.

Jama'a, zauren nan da daɗi! Da sassafe wani zai turo hoton butar shayinsa tana tururi. Sanobar mai shagon bakin gada ba ta taɓa rubuta harafi ba, fure kawai take turowa, ja da safe, rawaya da yamma. Ergash direban tarakta, tsohon ɗalibin Malam, shi ne sarkin tsokana. Ranar da Malam ya turo hotonsa ba hula, sanƙo na ƙyalli, Ergash ya rubuta, "Malam, wannan filin ma yana buƙatar taki." Aka yi kwana biyu ana dariya. In wani ya yi shiru kwana biyu, kafin na uku an je ƙofar gidansa da gurasa mai zafi a ga ko lafiya.

Sai dai zauren yana da ciwonsa. Duk mutanen ciki a layi uku suke zaune, sama ɗaya suke kallo, iska ɗaya ke kaɗa su. Kuma kowa a cikinsu ko Malam ya koyar da shi, ko ya koyar da ɗansa. Don haka in Malam ya rubuta abu, sai ka ga amsa tana zubowa: "Gaskiya ne, Malam." "Haka yake, Malam." Sanobar ta turo fure. Da Malam zai ce inabi na fitowa a jikin goro, da an sami mai cewa shi ma ya taɓa gani.

Ana nan sai Ergash ya roƙi alfarma a saka yayan matarsa, Norkobil, makiyayi a can saman dutse. Ba shi da inabi ko reshe ɗaya, amma takin tumakinsa kowa ke zubawa a gindin nasa. Malam ya yarda. Suka zama goma sha bakwai.

Norkobil ba ya rubutu, saƙon murya yake yi. Kuma a inda yake waya ba ta kamawa sai ya hau wani ƙaton dutse bayan garkensa, sau ɗaya a rana. Mutumin da ya wuni ba mai yi masa magana sai tumaki, in ya sami kunne goma sha shida, me kuke tsammani?

"Assalamu alaikum, mutanen zaure. Malam Halmurod, an tashi lafiya? Ya Yaya Oysuluv, ya gwiwar tata? Inna Mehriniso, ya idon? Ergash, ya ƙanwata, kana dai ba ta abinci ko? Kai, baƙar nan, fita daga nan! Ba da ku nake ba, jama'a, da tunkiya nake. Sanobar, ya kasuwa..."

Haka zai bi mutum goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, har shanunsu sai ya tambaya. Tumaki na kuka, kare na haushi, iska na hura waya. Abin da ya kawo shi kuwa sai can ƙarshe, wajen minti na bakwai.

Malam yana da dokoki biyu a zaure: ba siyasa, ba talla. Saboda Norkobil ya ƙara ta uku: saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya.

Bawan Allah ya gwada. Washegari ya turo minti ɗaya cif, amma a kan mutum na tara lokacin ya ƙare, ranar kuma bai kai kan Sanobar ba. Kafin azahar Sanobar ta tare Ergash a bakin gada. "Me na yi wa surukinka? Kowa ya gaida ban da ni." Mutum bakwai suka kwana da fushi. Da labari ya kai saman dutse, Norkobil ya ce shi ba zai iya ɗaukar alhakin mutane ba, ya koma minti takwas ɗinsa.

Bayan Nauruz, bikin da muke yi na fitar hunturu, da kwana uku, shamuwa ta sauka a kan turken wuta na bakin masallaci. Malam ya ɗauki hotonta, ya buɗe wani tsohon littafinsa da ya shekara talatin yana rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar tonon inabi. Ya haɗa, ya raba, ya rubuta a zaure:

"Shamuwa ta iso. Ranar Asabar kowa ya tone. Sanyi ya wuce, lissafi ba ya ƙarya."

"Gaskiya ne, Malam."

"Allah ya bar mana kai, Malam."

Fure.

Sai ga saƙon Norkobil, minti takwas da daƙiƙa goma sha biyu.

Malam ya danna. Ya ji sallama, ya ji an tambayi gwiwar matarsa, ya ji tunkiya ta yi kuka a kunnensa. A nan ya tsayar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don yana ganin a gaban ɗalibansa ake taka masa doka. Ya gyara tabarau ya rubuta:

"Zauren nan na masu inabi ne. Wanda bai mallaki ko reshe ɗaya ba, kuma ba zai iya bin doka uku kacal ba, ya je ya yi hira da tumakinsa."

Ya cire shi.

Can mutum uku suka ɗaga babban yatsa, sauran suka yi kamar ba su gani ba. A bayan fage kuwa, wayoyi sai ƙara suke. "Kin ga abin da Malam ya yi?" "Wallahi bai kyauta ba." "To wa zai faɗa masa?" Ba a sami ko ɗaya ba.

Ranar Asabar aka tone inabi. Rana ta fito, ɗumi ya sauka, cikin kwana goma sha biyu toho ya fito kore shar a kowace rumfa. Malam yana turo hoton nasa safe da yamma. Zauren ya yi tsaf yadda yake so, ba haushin kare, ba kukan tunkiya. Sai dai wani abu da ya ƙi faɗa wa kowa: tun da aka cire Norkobil, ba wanda ya sake tambayar gwiwar Oysuluv.

Ranar Alhamis da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, Norkobil ne. Ya ce a ransa, "Roƙo zai yi a mayar da shi." Ya kife wayar. Ta sake ƙara, ta sake, har sau huɗu. Ya ƙi ɗauka.

Da ya fita sallar azahar ya lura da wani abu. Maƙwabcinsa na ɗauke da naɗin leda a kafaɗa, da suka haɗa ido sai ya ce ai kajinsa zai yi wa rumfa. Gaba kaɗan wani ma da leda, shi kuma wai rufin banɗaki ke yoyo. Malam ya yi mamakin yadda rufin unguwa ya tashi yoyo rana ɗaya alhali ko gajimare babu. Ya duba zaure, ba komai sai furen Sanobar. Ya duba hasashen yanayi a waya, ta ce ɗumi. Ita wayar, yanayin cikin gari take dubawa, ba ta san kwarinmu ba.

Bayan la'asar yana zaune a ƙarƙashin rumfa yana shan shayi, sai ya ji takun doki ya tsaya a ƙofa. Norkobil ne ya shigo, takalmansa duk taɓo, dokin ya jiƙe sharkaf da gumi. Tafiyar awa huɗu ce daga garkensa.

Malam ya miƙe yana shirya amsar da zai bayar. Ya jira doguwar gaisuwar nan.

Norkobil bai tambayi gwiwar kowa ba. Ya ce, "Malam, yau minti ɗaya ya ishe ni. Ƙanƙara ta zuba a mashigar dutse jiya, yau sama ta washe, iska ta tsaya cak. Tumakina sun ƙi hawa tun safe. Sanyin tsohuwa bai zo a lokacinsa ba bana, yau zai sauko. In ba ka rufe inabin nan kafin rana ta faɗi ba, gobe baƙi za ka tarar da shi."

Kowa a wurinmu ya san sanyin tsohuwa, wanda ke juyowa bayan an ɗauka hunturu ya tafi. Malam ma ya sani. Littafinsa ne kawai bai da layin da ake rubuta shi.

Ya ce, "Me ya sa ba ka... ai da ka faɗa wa Ergash."

"Na faɗa masa tun safe. Na ce ya rubuta a zaure. Da na sake hawa dutse na tambaye shi ko ya gaya maka, sai ya fara tari. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Sai na bar wa matata garke na ɗaura sirdi."

Nan take Malam ya gane ledar kaji da ledar banɗaki. Ergash ya gaya wa Sanobar, Sanobar ta gaya wa duk wanda ya shigo shago, kafin azahar mutum goma sha biyar sun sani. Kowa na rufe nasa a ɓoye, kowa na jiran wani ya fara cewa lissafin Malam ya kuskure. Kunyarsa suka ji, kunyar kuma ta kusa cinye masa inabin mahaifinsa.

Ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Tsawonta taku ashirin, rana ta kusa kai bakin dutse, kuma ya san ko tafin hannu na leda bai rage a shagon Sanobar ba. Tsoro ya kama shi, kunya ta rufe shi. Ya zaro waya zai rubuta, sai dai rubutu na cin lokaci, rana kuwa ba ta jira.

Oysuluv da ke bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Danna wancan na magana mana. Ko shi ma dokar ta hana?"

Ya danna. Karon farko ke nan da zauren ya ji muryarsa.

"Jama'a, Halmurod ne. Na yi kuskure. Sanyi na zuwa, inabina a buɗe yake. Ku taimake ni."

Wallahi kamar jira suke. Bai mayar da wayar aljihu ba ƙofa ta fara buɗewa. Ergash ne farko, da tsani a kafaɗa, kansa a sunkuye.

"Malam, ni fa na rubuta saƙon har sau uku ina gogewa."

"Za mu yi wannan maganar. Kafa tsanin."

"Da me za mu rufe? Leda ta ƙare."

Oysuluv ta juya. Ta shiga ɗakin baƙi, inda ta jera barguna bisa akwati har kusa da rufi, masu auduga da ta ɗinka da hannunta, waɗanda ko jikokinta ba sa taɓawa sai babban baƙo ya zo. Ta fito da uku a ka, ta zube su a gaban mijinta.

"Ai na faɗa. Ga shi ni da gwiwa ina tsaye, shi ake kai wa bargo."

Dariya ta ɓarke a tsakar gidan, har da Malam, da ƙwalla a idonsa. Da matan unguwa suka ji Oysuluv ta sauke bargunan baƙi, sai kowace ta ruga gida. Ga Sanobar da guda biyu masu furanni, ga wata da na lefen 'yarta, ga wani tsoho ya kwance labulen ɗakinsa. Gayya ta haɗu ba wanda ya kira ta da suna. Maza na bisa tsani, mata na miƙa barguna, Norkobil na tsakiya yana nuna inda za a tara danyar ciyawa da busasshen taki don a yi hayaƙi.

"Malam, ba nan ba, can gefen da iska ke shigowa."

"To, Norkobil."

"Ƙara ciyawa, hayaƙi muke so ba wuta ba."

"To."

Ergash daga saman tsani ya ce, "Jama'a ku shaida, yau na ga Malam yana cewa to!"

Ana cikin haka Inna Mehriniso ta shigo da sandarta, bargo ɗaya a hammata. Ƙawar mahaifiyar Malam ce, ta haura tamanin. Idonta ba ya ganin rubutu, don haka a duk zauren saƙon murya kaɗai take ji, kuma ba ta taɓa turo komai ba.

Malam ya tarbe ta. "Inna, ke da naki inabin? An rufe miki?"

"Nawa yana ƙasa, ɗan nan, ban tone ba."

"Ba ki tone ba?"

"Yaron can, Norkobil, ya ce a dakata sati biyu, tun ranar da ka ga shamuwarka. Yana nan a ƙarshen saƙon, bayan ya gama faɗa da karensa. Ni ba inda za ni, sai na saurara har ƙarshe."

Malam ya dubi mutanen da ke tsakar gidansa. Ba wanda ya yarda su haɗa ido. Ashe ba shi kaɗai ke tsayar da saƙon a kan gaisuwa ba. Kowa sunansa yake jira, da ya ji an gaishe shi sai ya kashe.

Kafin kiran magariba rumfar ta rufu, ja da kore da ruwan hoda, kamar ɗakin amarya aka juye a sama. Reshe ɗaya ne kawai bargo bai kai ba, wanda ya leƙa saman ƙofar gida. Oysuluv ta ɗora tukunyar shinkafa da karas da naman tunkiya, aka ci a tsaye ana hura hannu, don sanyin ya fara taɓa kunne.

Da gari ya waye ruwan bokiti ya daskare. Malam ya fito da sauri ko hula babu. Reshen saman ƙofa ya yi baƙi ƙirin, tohonsa ya lanƙwashe. Ya hau tsani, ya ɗaga gefen bargon Oysuluv. Kore shar. Ya ɗaga na Sanobar, kore. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen rumfa, sannan ya zauna a kan matakalar tsani ya yi kuka irin na farin ciki, bai damu da wa ke kallo ba.

Ya aika a kira Norkobil daga gidan Ergash, aka ce ai tun asuba ya hau doki, tumaki na jira.

Malam ya mayar da shi zaure. Sannan ya zauna a ƙarƙashin barguna ya danna wurin magana.

"Assalamu alaikum, mutanen zaure. Norkobil, ka isa lafiya? Ya maiɗakinka, ya ta kwana da garke? Ya baƙar tunkiyar nan mai taurin kai? Ya karen? Inna Mehriniso, ya idon? Sanobar, ya kasuwa..."

Ya bi su kaf, bai tsallake kowa ba. Sai can ƙarshe ya nemi gafarar Norkobil a gaban kowa, tunda a gaban kowa ya ci masa fuska. Ya ce daga yau duk wanda ya ga ya yi kuskure ya faɗa a cikin zaure, ba a shagon Sanobar ba. Saƙon ya kai minti goma sha ɗaya.

Ergash ya rubuta, "Malam, ka karya doka ta uku."

Malam ya amsa, "Na soke ta. Kai kuma ka zo ka sauke bargunan mutane."

Da hantsi, lokacin da Norkobil ke hawa dutsensa, amsa ta shigo. Ita ce mafi gajarta da ya taɓa turowa. Aka ji iska, aka ji tunkiya, sannan muryarsa yana dariya.

"Na ji, Malam. Har ƙarshe na ji. Ya gwiwar Yaya Oysuluv?"

Da kaka ta yi, kwandon farko na yatsan amarya bai shiga kasuwa ba, bai shiga ɗakin baƙi ba. Malam da kansa ya hau bayan taraktar Ergash ya kai shi saman dutse. Baƙin reshen saman ƙofa kuwa ya hana a sare shi, har yau sai ka sunkuya a ƙarƙashinsa kafin ka shiga gidan.

Darasi: Ƙaramin zaure yana da daɗi don kowa ya san kowa, amma sanin nan shi ke sa a ji kunyar faɗin gaskiya, a bar mutum ya faɗa rami ana turo masa fure. In kai ne babba, kada ka kori wanda bai yi kama da ku ba, wataƙila shi kaɗai ke hango abin da ba kwa gani, kuma ka saurari magana har ƙarshe kafin ka yanke hukunci. In kai mabiyi ne, abin da kake faɗa a bayan fage ka faɗe shi cikin ladabi inda zai yi amfani. Ku tura wannan labari zuwa zaurukanku, musamman wanda kowa a ciki "gaskiya ne" kawai ya iya rubutawa.